Sauke Kan A-Kori-Kura: Tarihin Motar Kasuwa da Kanikawanta a Ƙasar Gobir



Idan aka ce tarihin Gobir, abin da ke fara zuwa ran kowa shi ne Bawa Jangwarzo da Alƙalawa da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. An rubuta wannan, kuma ana kan rubutawa. Yau ina so mu sauko ƙasa-ƙasa, mu duba tarihin wata aba da kusan duk ɗan Sabon Birni ko Isa ya taɓa hawa bayanta, amma ba kasafai ake ganin ta a littafi ba, wato a-kori-kura. Za mu bi ta tun daga zuwanta har zuwa ranar da ta tsufa aka kai ta gareji, aka ce sai an sauke kanta kafin ta sake hawa hanya. A wajen kanikawa babu aikin da ya kai wannan nauyi, kuma a cikinsa ne ake karanta duk wahalar da mota ta sha.

Ƙasar da mota ta tarar

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun warwatsu. Wasu sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle da jama'arsa ya kafa Sabon Birni, ba nisa da kufan Alƙalawa. Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka shata iyaka, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasa biyu, amma fatauci bai tsaya ba.

Jaki da raƙumi da takarkari su ne motocin wancan lokaci. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma nan ya tsaya. Saboda haka gyaɗa da auduga da fatun yankinmu sai an bi da su ta Isa da Shinkafi kafin su ga jirgi. Wannan tazara ce manyan motoci suka zo suka cike sannu a hankali, musamman da rani, domin da damina Rima da Bunsuru da Gagare ba sa ba kowa hanya sai yadda suka ga dama.

Akwai abin lura game da waɗancan motoci na farko. Yawancinsu kai da casis kawai kamfani ke sayarwa, wato gidan direba da inji da dogayen ƙarafan nan biyu da komai ke zaune a kansu. Bodin baya kafintoci ne ke haɗa shi da katako a nan gida. A 1959 aka fara harhaɗa Bedford a Apapa ta Legas, kuma a haka take fitowa a lokacin. Ke nan tun farko mutanenmu sun san mota a matsayin abu uku da ake iya rabawa: kai, casis, da bodi. Idan ɗaya ya mutu, ba a binne sauran tare da shi. Duk sana'ar tayar da tsohuwar mota a kan wannan fahimta ta ginu.

Zuwan Fijo

Kamfanin Peugeot na Faransa, wanda bakinmu ya mayar Fijo, ya fitar da 404 a 1960, ya fitar da mai buɗaɗɗen baya a 1967. Sai 504 a 1968, wadda ita ma ta samu tata a-kori-kurar bayan kimanin shekara goma. Motocin sun yi suna da jure mummunar hanya. A tseren Safari na Gabashin Afirka, 404 ta zo ta ɗaya a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975 da 1978.

Abubuwa uku suka buɗe wa Fijo ƙofa a Nijeriya. Na farko, ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama. Nijar dama can a dama take tuƙi, don haka daga ranar nan mota ɗaya mai sitiyari a hagu ta dace da hanyar Sabon Birni ta kuma dace da ta Gidan Runji da Maraɗi. Na biyu, kuɗin fetur sun shigo, naira ta maye gurbin fam a Janairun 1973, ƙarin albashin Udoji kuma ya biyo baya. Na uku, a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna a zamanin Janar Yakubu Gowon. Shekaru da dama a jirgin sama ake ɗauko sassan motar daga Liyon ta Faransa a sauke a Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata, abin da ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwa har ƙauye, kowane bakanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

Masu kuɗi da ma'aikata sun hau salun. Talaka kuwa a-kori-kura ya sani. Ita ke ɗaukar buhunan gero da albasa da tafarnuwa zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ko ta Goronyo ranar Lahadi, ita ke kai amarya da gara, ita ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, wani lokaci kuma ita ke dawo da gawa. A tsallaken iyaka suna ce mata bashe, daga kalmar Faransanci ta tamfol ɗin da ake rufe bayanta da shi, kamar yadda suke ce wa babbar mota kamyo, casis kuma shasi. Mu kuma muka ba ta suna irin na a-ci-balbal, jimla guda da aka dunƙule ta zama suna.

Daga sabuwa zuwa kwatano

Shekarun daɗin ba su daɗe ba. Farashin fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka rufe iyakoki daga 1984 zuwa 1986, sannan gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986, darajar naira ta zube. Tunda da kuɗin waje ake sayo sassan mota, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ɗan kasuwar ƙauye. Masana'antun da aka kafa da buri, irin su Steyr a Bauchi da Fiat a Kano da Leyland a Ibadan da Volkswagen a Legas, duk suka shiga mawuyacin hali. Tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta tashar ruwan Kwatano, har kalmar kwatano ta zama sunan duk abin da aka yi amfani da shi a waje kafin ya zo mana. Ita kanta Kaduna ta daina fitar da 504 a tsakiyar shekarun 2000, aka sayar da hannun jarin gwamnati a 2006.

A wannan zamani ne bakanike ya tashi daga mai canza filogi da baƙin mai ya koma mai gina mota. Wanda ke da tsohuwar a-kori-kura ba ya da halin sabuwa, don haka dole a tayar da wadda ke hannu. A sayo inji a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, a samo ƙofa daga wata da ta yi haɗari, a ciro gilashi daga wata da ta mutu a bayan gida. Mota uku matattu kan haifi ɗaya mai rai. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a tashoshinmu an ga gaskiyar haka.

Ba kowane kai ke sauka ba

A nan akwai bambancin da ya kamata marubuci ya sani. Motocin ɗaukar kaya iri biyu ne ta fuskar gini. Akwai waɗanda kansu ke zaune a kan casis, an ɗaure shi da manyan notuna, da robobi a tsakani don rage jijjiga. Haka Toyota Hilux take, wadda aka fara ƙerawa a 1968, haka Land Cruiser da Datsun da Bedford. Landiroba, wadda ta fito tun 1948, ta ma fi su sauƙin kwancewa, domin gunduwa-gunduwa aka ɗaure jikinta, kuma yawancinsa alminiyom ne da ba ya tsatsa. Kanta kuwa kanta a kan ƙyaure yake, ana kifa shi gaba a ga inji.

Fijo 404 da 504 daban suke. Asalinsu ƙananan motoci ne da jiki da ƙashi suke a dunƙule, sai aka miƙa ƙarafa biyu a baya don ɗaukar akwatin kaya. Akwatin yana kwancewa da sifana, amma kan a like yake da walda. Idan ƙasan gidan direba ya ruɓe, ko haɗari ya murɗe shi, ba bakanike ake nema ba tukuna, fanalbita da mai walda ake kira. Su za su yanka, su auna, su dasa wani. Shi ya sa idan tsohon direba ya ce an canza wa Fijonsa kai, aikin tiyata yake nufi, kuma ingancin motar har ƙarshen rayuwarta yana hannun wanda ya riƙe wutar walda a ranar.

Ranar sauke kai

Mu ɗauki mai notuna, a ce tsohuwar Hilux. Ba a sauke kai don sha'awa. Ana yi ne idan casis ya tsage a wurin da hannu ba ya kaiwa, ko ya karkace har mota na tafiya a kaikaice kamar kaguwa, ko ƙasan gidan direba ya zama rariya, ko an samo wani kan da ya fi na jikinta lafiya.

Abu na farko shi ne cire batir, sannan a zuƙe fetur a sauke tanki a kai shi nesa, domin za a kunna wuta a wurin, kuma tankin da babu mai a ciki sai tururi ya fi cikakke haɗari. A zubar da ruwan lagireto. Daga nan a rage wa kan nauyi: bonet, madigadi, ƙofofi, kujeru, da gilashin gaba idan ana son ya tsira.

Sai aikin haƙuri, wato raba duk wata jijiya da ta haɗa kai da casis. Sandar sitiyari a kwance ta daga akwatinta. Bututun birki da na kuloci, tunda tukwanensu a jikin bangon da ke gaban direba suke. Wayar totur, wayar hambirki, wayar agogon gudu, sandar giya. Sai rewaya ya zo ya zare wayoyin lantarki, har da 'yar wayar nan ta as da ake yawan mantawa. Gwanin rewaya yakan ɗaura wa kowace waya alama da zare ko tsumma mai launi, notuna kuma a zuba su gwangwani-gwangwani, domin aikin na iya ɗaukar wata guda, kuma kan mutum ba ya riƙe komai. Duk wayar da aka manta, ita za ta tsinke lokacin da kai ya tashi sama.

Notunan da suka riƙe kan ba su da yawa, amma su ke cin rana. Shekara talatin suna shan laka da ƙura. Tun kwana biyu kafin ranar ake jiƙa su da man birki ko kananzir. Wanda ya ƙi, a gasa shi da wutar kabaid har ya yi ja. Wanda ya ƙi wannan ma, a sare shi da kurfi. Idan ƙasan kan ya ruɓe sosai, sai mai walda ya gicciya ƙarfe a bakin kowace ƙofa kafin a ɗaga, in ba haka ba kan zai lanƙwashe a sama, kuma ƙofa ba za ta sake rufuwa daidai ba har abada.

Ɗagawar kanta iri biyu ce. Garejin da ke da sarƙar ɗaga inji sai ya rataye ta a ƙarfe mai ƙafa uku ko a reshen babbar bishiya, a zura katako mai kauri ta ƙofa zuwa ƙofa, a naɗe shi da tsumma don kada ya lotsa rufin, a ja a hankali. Inda babu sarƙa, sai a kira mutane. A zura azara biyu, majiya ƙarfi su kama ta kowane gefe, maigidan gareji ya tsaya gaba yana ba da murya. Duk wanda ya taɓa ganin ɗaukar jinka a ƙauye ya ga wannan aiki, kuma karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a nan take zama zahiri. Ana ɗagawa taƙi ɗaya a tsaya, yaro ya leƙa da tocila ya ga ko akwai abin da ya saura a haɗe. Sannan a ƙara, a tura casis ya fita ta ƙasa a kan tayoyinsa, a ɗora kan a bisa ganguna ko tsofaffin tayoyi. Dokar da kowane maigida ke nanata wa yaransa ita ce kada wanda ya sa kai ko hannu a ƙarƙashin abin da jak ko sarƙa kaɗai ke riƙe da shi.

Abin da casis ke faɗa

Idan kai ya sauka aka wanke casis, tarihin motar ya fito fili. Ƙasarmu busasshiya ce, don haka tsatsa ba ta cin mota a nan kamar yadda take ci a Legas ko Fatakwal. Idan aka ga casis ya ruɓe daga ciki, galibi kwatano ce da ta sha gishirin da Turawa ke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara. Idan ruɓar a ƙarƙashin akwatin kaya take, to ta yi dakon taki ko gishiri ko kanwa ko dabbobi. Idan laka ta cushe cikin ƙarafan ta bushe kamar tubali, ta sha ƙetare gulbi da fadama.

Babban ciwon motocinmu shi ne lodi. A-kori-kura an yi ta ne don tan ɗaya ko ɗoriya kaɗan, wato buhu goma na masu kilo ɗari. Kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa, ga kuma mutane a bisa kayan. Direbobi sukan ƙara ganyen sifirin don kada baya ya zauna. Sifirin ya yi ƙarfi, sai dukan ramuka ya koma kan casis, ya tsage daidai inda sifirin ke rataye ko daidai bayan gidan direba. A nan za a ga facin wani mai walda na shekarun baya, wani mai kyau, wani kuma na a-rabu-da-mai-mota. Gwani ba ya cike tsaga kawai ya tashi. Yakan huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya like, sannan ya ɗora wani ƙarfe a kai ya ƙarfafa wurin.

Karkata kuwa da igiya ake gane ta. A auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake aunawa ta ɗaya gefen. Idan tsawon bai zo ɗaya ba, casis ya murɗe, sai an ja shi da sarƙa da jak da wuta. Akwai kuma lambar casis da aka buga a jikin ƙarfen, wadda ke cikin takardun mota. Mai hankali ba ya bari walda ko fenti su shafe ta, kuma idan an ɗora kan wata mota dabam, yana neman shaidar inda aka sayo shi, saboda ranar da za a tsayar da shi a shingen kwastan ko na 'yan sanda.

Mayar da kai ya fi sauke shi wuya. Sai an sa sababbin robobi, waɗanda sau da yawa daga tsohuwar taya ake yanko su, a ɗaura notuna sako-sako, a rataya ƙofofi a ga sun rufu, a ga layin kai ya yi daidai da na akwati, sannan a ɗaure tamau. Birki ne ƙarshe, a fitar masa da iska, a gwada shi a fili kafin a ɗauki ko buhu ɗaya.

Halin da ake ciki

Yau hanyar da ta raya a-kori-kura ita ce ke cikin ciwo. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024. Ga matsalar 'yan bindiga da ta addabi gabashin Sakkwato. A Disambar 2021 an ƙona motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni a yankin Isa, mutane fiye da ashirin suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ƙauyuka sun tashi, kasuwanni sun ragu, direbobi da kanikawa da yawa sun koma Sakkwato ko sun tsallaka Nijar. Matasan da a da za su shiga gareji yanzu gyaran babur suka fi koyo, domin shi ke kawo kuɗin yau.

Ilimin da na zayyana a sama ba a rubuce yake ba. A hannu da ido yake, daga maigida zuwa yaro. Idan maigida ya rasu ko ya yi gudun hijira, yaransa suka watse, ya tafi ke nan. Ga iyalin da ke da tsohuwar mota ɗaya a matsayin jari, samun wanda ya iya tayar da ita shi ne bambancin ci gaba da sana'a da sayar da ita ga 'yan gwangwan a kan kilo.

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwa, a labaranmu mota takan zo ne a matsayin ado: jibgegiya, mai baƙin gilashi, ta tsaya a ƙofar gidan su yarinya. Motar da ta ciyar da garuruwanmu shekara hamsin ba ta samu ko shafi ɗaya ba. Wanda zai rubuta labarin da ya faru a 1965 ya sani babu 504 a lokacin, babu naira, kuma direba a dama yake zaune. Wanda zai sa tauraronsa ya kwance kan Fijo da sifana ya sani tsohon bakanike zai ajiye littafin ya yi dariya.

Shawarata ita ce kowannenmu ya ware yini ɗaya ya je tasha ko gareji a garinsu da littafin rubutu. Ya gai da dattijon da ya fi kowa daɗewa, ya nemi izini, ya tambaye shi motar da ya fara tuƙawa ko gyarawa, wa ya koya masa, wace hanya ake bi kafin kwalta, nawa ake biyan buhu, da me ake kiran kowane ƙarfe a bakinsu. A rubuta kalmomin yadda ya faɗe su, da Gobirancinsu ko Katsinancinsu, kada a gyara masa baki. Mu da ke bakin iyaka mu haɗa da na tsallake, domin ƙarfe ɗaya suna biyu gare shi, na Ingilishi da na Faransanci, kuma duka Hausa ce ta haɗiye su. Idan mutum ashirin a cikinmu suka yi haka, za mu tara abin da babu shi a kowane ɗakin karatu.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a Gobir da sauran ƙasa baki ɗaya, ya tsare matafiya, ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.